Daga Zane a Takarda Zuwa Tufa a Jiki: Jagora Ga Mai Sha'awar Zayyana Kaya da Ɗinka Su da Hannunsa

Mutane da yawa suna fara sha'awar zayyana tufafi ne ta hanyar ido. Sukan ga wata riga ta zauna wa mai ita, sai su ji a ransu cewa da su ne suka yi ta da sun sauya wuyan, ko sun rage faɗin hannun, daga nan kuma littafi ya fara cika da zane-zane. Wannan mafari ne mai kyau, amma akasarin masu sha'awar a nan suke tsayawa, domin tsakanin zanen da ke takarda da rigar da mutum zai sa ya zauna, ya ɗaga hannu, ya yi tafiya, akwai ilimin da sai hannu ya taɓa yadi ake samunsa. Wanda bai san halin yadi da surar jikin ɗan Adam ba zai yi ta zana kayan da ba za su ɗinku ba. Saboda haka wannan jagora ta jera matakan ne bisa tsarin da hannu yake koyo, ko da zuciya tana gaggawar kaiwa ga rigar da take mafarki.

Mataki na farko: a horar da ido ta hanyar juya riga ciki waje

Kafin a sayi komai, a ɗauko tufafi biyu ko uku daga cikin waɗanda ake da su, ɗaya wadda take zama daidai a jiki, ɗaya kuma wadda take takurawa, a juya su ciki waje a shimfiɗa a kan tebur. A ƙirga yanki nawa aka haɗa aka sami kowacce, a duba inda aka tsuke domin ta bi jiki, a duba yadda aka rufe bakin yadi don kada ya zazzage, a kuma lura da inda aka sa shafi da inda aka bari babu. Idan akwai tsohuwar rigar da ta gama aiki, a farke ta gaba ɗaya a hankali, a goge yankunan, a jera su. Mai koyo zai yi mamakin ganin cewa hannun riga, wanda yake kama da bututu a jiki, idan aka shimfiɗa shi kansa yana da tudu kamar ƙwarya a kife, kuma ramin hammata na gaba ya fi na baya zurfi saboda hannun mutum gaba yake yawan miƙawa. A ganina, farke riga guda da natsuwa ya fi kallon hotuna ɗari amfani.

Zane yana da muhimmanci, sai dai ba sai mutum ya zama gwanin zane ba. Masu zanen kwalliya sukan ja tsawon jiki ya kai kai tara, wato ninki tara na tsawon kan mutum, domin kayan su fito da kyau a takarda, alhali jikin baligi tsawonsa yana tsakanin kai bakwai da rabi zuwa takwas ne. Wannan bambanci shi ya sa rigar da ta yi kyau a zane takan zo ta yi wa mai ita cunkus. Zanen da ya fi yi wa mai ɗinki aiki shi ne shimfiɗaɗɗen zane, wato a zana rigar gaba da baya kamar an kwantar da ita a tebur, a nuna kowane layin ɗinki, da wurin zif, da maɓallai, da aljihu.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba a bukatar tara kaya. Almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai yadi, wani daban na takarda, tef na awo mai santimita a gefe ɗaya da inci a ɗaya gefen, allin zana yadi, fil-fil, allurar hannu, abin farke ɗinki, doguwar rula da lanƙwasasshiyar rula ta zana wuya da hammata, sai dutsen guga. Keken ɗinki kuwa, wanda yake yin miƙaƙƙen ɗinki da na zigzag ya wadatar na tsawon lokaci. Ɗinkin da kekunan gida suke yi, inda zaren sama yake sarƙewa da zaren bobin, wato ƙaramin kwarkwaron zare da ke ƙarƙashin allura, a tsakiyar yadi, shi ne wanda Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, Isaac Singer kuma ya fito da nasa keken a 1851. Har yau asalin aikin bai sauya ba, kuma wanda ya fahimci sarƙewar nan ta zare biyu ya fahimci rabin matsalolin da keke zai ba shi.

Abin da masu koyo suka fi yi wa sakaci shi ne allurar keke. Lambobin da ke jikin fakiti, irin su 70/10 ko 80/12 ko 90/14 ko 100/16, kaurin allurar suke nunawa, kuma lamba ta farko kaurin ce a ma'aunin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, wato allura mai lamba 80 kaurinta milimita 0.8 ne. Yadi mara nauyi yana son 70, matsakaiciyar auduga tana son 80 ko 90, yadi mai kauri irin na wandon jins yana son 100. Yadi mai talewa, irin na singileti, yana bukatar allura mai dunƙulallen baki wadda take ratsa tsakanin zaruruwa maimakon ta huda su. Allurar da ta dakushe takan tsallake ɗinki, ta kuma ja zaren yadi, don haka a riƙa sauya ta a farkon kowane babban aiki.

Mataki na uku: sanin halin yadi

A nan ya kamata a daɗe, domin yadi ne yake yanke hukunci a kan zane. Saƙaƙƙen yadi yana da zare iri biyu: na tsaye, wanda yake bin tsawon yadin daura da gefen da masaƙa ta rufe, da na kwance, wanda yake ratsa faɗinsa. Idan aka ja yadin ta tsaye ba ya talewa, ta kwance yakan ɗan saki kaɗan, amma idan aka ja shi a karkace, a kusurwar digiri 45, sai ya tale sosai. Galibin tufafi ana yanka su ne ta yadda zaren tsaye zai sauko daga kafaɗa zuwa ƙasa, saboda shi ne mai ƙarfin ɗaukar nauyi. Idan aka karkatar da yanki ɗaya ko da kaɗan ne don a yi tattalin yadi, rigar za ta murɗe bayan wanki, ɗinkin gefe ya zagayo gaba, kuma babu gugar da za ta mayar da shi. Yankan karkace da gangan kuwa fasaha ce mai zaman kanta, wadda Madeleine Vionnet ta shahara da ita a Faris a shekarun 1920, domin yana sa yadi ya bi jiki kamar ruwa. Amma aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa, ba na watan farko ba.

Sai kuma asalin zaren. Auduga tana shan gumi, tana jure zafin guga, ba ta zamewa a ƙarƙashin ƙafar keke, shi ya sa ta fi dacewa da mai koyo. Lilin yana da sanyi a jiki amma yana saurin yamutsewa. Siliki yana da santsi, yana gudu daga almakashi, kuma ramin allura yakan zauna a jikinsa idan aka farke. Ulu yana karɓar siffa da tururi fiye da kowane yadi, amma ruwan zafi da cuɗa suna ƙanƙantar da shi. Foliyesta ba ta yamutsewa sosai, sai dai tana riƙe zafi, kuma dutsen guga mai zafi yakan narkar da ita. Idan ana shakkar asalin yadi, a yanko ɗan ƙyalle a riƙe da hantsaki a kusa da ruwa a kunna masa wuta: auduga da lilin suna warin ƙonanniyar takarda su bar toka mai laushi, ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi, foliyesta kuma tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Duk yadin da za a riƙa wankewa bayan an ɗinka, a wanke shi kafin a yanka, da irin wankin da rigar za ta riƙa sha, domin auduga da lilin sukan ɗage a wankin farko, wasu launuka kuma sukan zuba. Rigar da aka ɗinka da ɗanyen yadi za ta iya zama daidai ranar gwaji, ta koma matsattsiya bayan mako guda. Wajen saye kuma a tambayi faɗin yadin, domin akasari yana zuwa ne da faɗin kimanin santimita 115 ko 150, kuma adadin da ake bukata ya dogara da wannan. Yadi ɗaya na awo inci 36 ne, wato ɗan ƙasa da mita ɗaya, kusan santimita 91. Yadin da zanensa yake fuskantar gefe guda, ko mai gashi irin karan-miski, yana cin ƙari, saboda dole dukkan yankuna su kalli gefe ɗaya, in ba haka ba gaban rigar da bayanta za su fito kamar launi biyu.

Mataki na huɗu: horar da hannu a kan keke

Kafin riga, a yi mako ɗaya ko biyu ana ɗinka layuka a kan ƙyallaye: miƙaƙƙe, lanƙwasasshe, da kusurwa, inda ake barin allura a cikin yadi a ɗaga ƙafar keke a juya. Ido ya tsaya a kan gefen yadi da layin awo da ke jikin farantin keke, kada ya bi allura. Hannu kuma jagora kawai yake yi, haƙoran keke ne suke jan yadin, wanda ya ja da kansa zai lanƙwasa allura. Tsawon ɗinki na yau da kullum kimanin milimita 2.5 ne, na wucin gadi wanda za a farke daga baya kuma 4 zuwa 5.

Idan zare ya cukurkuɗe a ƙasan yadi, mai koyo yakan zargi bobin, alhali yawanci zaren sama ne bai shiga wurinsa ba. A zare shi gaba ɗaya a sake sakawa, kuma a tabbatar ƙafar keke tana sama lokacin sakawar, domin a lokacin ne faifan da suke matse zaren suke buɗewa su karɓe shi.

Mataki na biyar: awo da rarar motsi

Ana ɗaukar awo ne mutum yana tsaye yadda ya saba tsayuwa, da tufafi marasa kauri, tef ɗin yana kwance a jiki ba a matse ba, kuma yana daidai da ƙasa ta gaba da ta baya. A ɗaura siririn zare a ƙugu ya zauna inda jiki yake lanƙwasawa, domin daga nan ake auna tsawon sama da na ƙasa. A auna ƙirji a inda ya fi cika, ƙugu, kwatangwalo a inda ya fi faɗi, faɗin kafaɗa, tsawon baya daga ƙashin wuya zuwa ƙugu, tsawon hannu da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, da kaurin damtse. A rubuta komai nan take tare da kwanan wata, domin jiki yana sauyawa.

Awon jiki daban, awon riga daban. Idan aka yanka saƙaƙƙen yadi daidai da awon ƙirji, mai rigar ba zai iya numfashi da kyau ba, balle ya miƙa hannu. Ana ƙara rarar motsi, wadda a riga mai bin jiki takan kai kimanin santimita 5 a ƙirji, 2 a ƙugu, 4 zuwa 5 a kwatangwalo. Duk abin da aka ƙara a kan wannan ya zama rarar ado, kuma a nan ne ainihin zayyana take farawa, domin bambancin riga mai kama jiki da mai yalwa bai wuce yawan rarar da aka bari da kuma wurin da aka bar ta ba. Yadi mai talewa kuwa wani lokaci ƙasa da awon jiki ake yanka shi.

Mataki na shida: samfurin takarda da rigar gwaji

Akwai teloli ƙwararru da suke zana awo kai tsaye a kan yadi su yanka, kuma aikinsu yana fita, amma shekaru ne suka ba su wannan ido. Ga mai son ya zayyana nasa kaya, shawarata ita ce ya yi aiki da samfurin takarda, domin takarda tana ajiye gyara, yadin da aka yanka kuwa ya tafi da kuskurensa. Tun 1863 Ebenezer Butterick ya fara sayar da samfuran takarda masu girma daban-daban a Amurka, kuma fara koyo da irin waɗannan shiryayyun samfura ba abin kunya ba ne, domin suna nuna tsarin haɗa riga daki-daki.

Burin da ya kamata a sa gaba shi ne mallakar samfurin tushe, wato gaba da baya da hannu da siket ko wando, marasa ado ko kaɗan, waɗanda suka dace da jiki ɗaya sarai. Daga wannan tushe ake fitar da kowane salo. Misali, yadi shimfiɗaɗɗe ne, jiki kuma yana da tudu da kwari, don haka ake yin ɗinkin tsukewa mai siffar kibiya, wanda teloli suke kira dat, domin yadin ya sami wurin ƙirji. Wannan dat ɗin ana iya mayar da shi daga ƙugu zuwa gefe, ko kafaɗa, ko wuya, ta hanyar tsaga takardar zuwa tsinin ƙirji a rufe tsohon a buɗe sabo, ana kuma iya mayar da shi tattara ko a ɓoye shi cikin dogon layin ɗinki. Rigar za ta zauna daidai yadda take, amma kamanninta ya sauya gaba ɗaya. Wanda ya gane wannan dabara guda zai fara kallon tufafin mutane da wani ido daban. A ɗinki kuma tsinin dat yana tsayawa ne santimita biyu ko uku kafin ya kai tsinin ƙirji, don kada wurin ya yi tsini.

A kan kowane yanki na takarda a rubuta sunansa, da adadin da za a yanka, da kibiyar da ke nuna zaren tsaye, da alamomin haɗuwa, a kuma ƙara rarar ɗinki, wadda aka fi yin ta santimita 1.5. Daga nan a ɗinka rigar gwaji da yadi mai araha wanda nauyinsa ya yi kusa da na ainihin yadin. Na san wannan mataki yana gundurar mai zumuɗi, amma sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a kan rigar gwaji ne ake koyon karanta yamutsewa. Layukan da suka ja a kwance suna nuna matsi, ninkin da ya sauko a tsaye yana nuna faɗi ya yi yawa, layukan da suka karkata kuwa yawanci suna nuni ne zuwa wurin da yadi bai isa ba. A fara gyara daga kafaɗa a sauko, domin a kafaɗa riga take rataye, kuma a sa mai gwajin ya zauna, ya sunkuya, ya miƙa hannuwa gaba. Kowane gyara a mayar da shi kan takarda kafin a manta.

Mataki na bakwai: yanka da haɗawa

A goge yadin, a ninka shi gefe da gefe su haɗu daidai, a shimfiɗa a kan tebur ba tare da wani ɓangare yana reto ba, domin nauyin abin da ya sauka yakan ja sauran. A jera dukkan yankuna kafin a taɓa almakashi, a auna nisan kibiyar kowane yanki daga gefen yadi a sama da ƙasa a ga ya zo ɗaya. Idan yadin yana da ratsi ko manyan furanni, a daidaita su a tsakiyar gaba da ɗinkin gefe. Wajen yanka, ƙasan almakashi ya zauna a kan tebur, kada a ɗaga yadin.

Da zarar an yanka, a bi lanƙwasar wuya da layin ɗinki ɗaya kusa da baki, saboda wurin a karkace yake kuma yakan tale tun kafin a haɗa shi. Sannan a ɗinka dat, a sa aljihu da zif tun yankunan suna shimfiɗe, a haɗa kafaɗa, a gama wuya, a haɗa gefe, a sa hannu, kalmasa ta zo a ƙarshe. Kan hannun riga yakan ɗan fi ramin hammata tsawo da gangan, don haka ake yin layi biyu na dogon ɗinki a tudunsa a ɗan ja zaren har ya shiga ba tare da ya tattare ba. A lanƙwasasshen ɗinki a ɗan tsattsaga rarar da bakin almakashi, ba tare da an taɓa zaren ba, domin ya kwanta idan aka juya. Wuya da wurin maɓallai suna son yadin ƙarfafawa a ciki, in ba haka ba za su saki. Siket mai faɗi ko duk abin da aka yanka a karkace, a rataye shi kwana ɗaya kafin a yi kalmasa, domin zai zazzago a wasu wurare.

Abin da ya fi raba ɗinkin gwani da na ɗan koyo shi ne guga. Kowane layi a goge shi kafin wani layin ya ratsa shi, ta hanyar ɗora dutsen a danna a ɗaga, maimakon a yi ta jansa yana tale yadin. Ɗigon da ke jikin alamar guga da ake sa wa tufafi ma'aunin zafi ne: ɗigo ɗaya ƙaramin zafi ne, na yadin roba, biyu matsakaici, na ulu da makamantansa, uku zafi mai yawa, na auduga da lilin. Yadi mai duhu ko mai sheƙi a sa masa ƙyalle a tsakani don kada dutsen ya bar tabo.

Mataki na takwas: salo, littafin aiki da karɓar aikin mutane

Salon mutum ba ya zuwa da neman bambanta da ƙarfi. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a ɗauki samfuri ɗaya a ɗinka shi sau uku ko huɗu, kowane karo a sauya abu guda, ko yadi, ko wuya, ko tsawo, a lura da abin da zuciya take komawa gare shi. Daga baya a gwada haɗa kaya biyar ko shida da launuka biyu ko uku suka ɗaure su, domin ƙuntata zaɓi yana tilasta tunani. Koyi da manyan masu zayyana halas ne wajen fahimtar dabara, amma kwafe aikin wani a sa masa suna daban cin amana ne, kuma yana hana hannu girma.

A buɗe littafin aiki tun daga rigar farko. A kowane shafi a manna ɗan ƙyallen yadin, a rubuta awo, lambar allura, yawan yadin da ya shiga, awannin da aka ɗauka, da abin da ya ba da wahala. Ranar da wani ya nemi a ɗinka masa, wannan littafi ne zai faɗi gaskiyar farashi, domin kuɗin riga ya haɗa da yadi, shafi, zare, zif, wuta, lalacewar keke, da lokacin awo da gwaji, sannan riba. Masu farawa sukan manta da ladan lokacinsu, su wayi gari sha'awar ta koma nauyi. Haka kuma kada a yi alkawarin ranar da babu sararin gwaji da gyara a cikinta, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a rubuta salon da aka amince da shi tare da zanensa mai kayan ya gani kafin a yanka.

Ana danganta al'adar ɗinka sunan mai zayyana a cikin riga ga Charles Frederick Worth, Baturen Ingila da ya buɗe gidan ɗinkinsa a Faris a 1858. Wanda ya kai matakin sa tasa alamar, ya haɗa ta da ƙaramin bayani na irin yadin da yadda za a wanke shi da zafin gugar da yake ɗauka, ya kuma ba mai kayan ragowar ƙyalle da maɓalli guda na ajiya saboda gyaran gaba.